Abin da Ya Haɗa Daminarmu da Duwatsu Masu Aman Wuta

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Gusau zuwa Funtuwa ya san Dutsen Kwatarkwashi, kuma ɗalibaina na darasin labarin ƙasa sukan tambaye ni ko akwai ranar da wannan dutse zai buɗe baki ya yi aman wuta kamar waɗanda suke gani a talabijin. Amsar ita ce ba zai yi ba. Kwatarkwashi da sauran manyan duwatsun da suka warwatsu a gabashin Zamfara sun samo asali ne daga narkakken dutse wanda ya huce sannu a hankali a can ƙarƙashin ƙasa, sama da shekara miliyan 500 da suka wuce, sannan ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya lulluɓe shi har ya bayyana a sarari. Wutarsa ta mutu tun kafin a yi halittar da za ta gan ta. Idan kuma aka nausa yamma zuwa Sakkwato da Kebbi, ƙasar ta koma shimfiɗar yashi da laka da farar ƙasa irin wadda ake yin siminti da ita a Kalambaina, wato abubuwan da tsohon teku da koguna suka tara. Babu dutse mai aman wuta ko ɗaya a wannan yanki namu.

Saboda haka ne mutane da yawa suke ɗaukar batun a matsayin labarin nesa, wanda ake kallo a yi salati a wuce. Ni ban yarda da wannan ɗauka ba. Dutsen da ya fashe a wata nahiya yana iya taɓa abin da manomin Bungudu ko Maradun zai zuba a rumbunsa bayan shekara guda, kuma mutanen da suke zaune dare da rana suna auna numfashin waɗannan duwatsu suna yi mana aiki ko da ba mu san sunayensu ba.

A ƙarƙashin ɓawon ƙasa akwai wuraren da zafi yake narkar da dutse, kuma da yake narkakken dutse bai kai daskararre nauyi ba, sai ya riƙa hawowa yana taruwa a wani ɗaki mai zurfin kilomita kaɗan a ƙarƙashin dutsen. A cikinsa akwai iskoki da suka narke, mafi yawansu tururin ruwa ne, sai iskar kabon da iskar farar wuta. Yayin da yake hawowa matsin da ke kansa yana raguwa, iskokin kuma suna neman hanyar fita, kuma a nan ne halin dutse yake bambanta da na ɗan'uwansa. Duk wadda ta taɓa tsayawa a kan tukunyar tuwo ta san cewa ruwa zalla yana tafasa ne cikin sauƙi, amma talge idan ya yi kauri yana riƙe tururi har sai ya tara ƙarfi, sannan ya yi tsartuwa ya ƙona hannu. Narkakken dutse mai ruwa-ruwa, irin na tsibirin Hawai, yana malala ne kamar kogi, iskarsa tana fita ba tare da tashin hankali mai yawa ba. Mai kauri kuwa yana toshe hanyarsa da kansa, sai ya fashe gaba ɗaya ya watsa toka zuwa tsayin kilomita talatin ko fiye. Masana sun ƙiyasta cewa akwai duwatsu kusan 1,350 a doron ƙasa da za su iya farkawa, ban da waɗanda ke ƙarƙashin teku, kuma a kowane lokaci akan sami arba'in zuwa hamsin suna cikin halin aman wuta.

Abin da ya sa sa ido yake yiwuwa shi ne narkakken dutse ba ya iya hawowa a ɓoye. Dole ya farfasa duwatsun da ke kan hanyarsa, wannan kuwa yana haifar da ƙananan girgizar ƙasa waɗanda mutum ba ya ji amma na'ura tana rubuta su. Idan aka dasa irin waɗannan na'urori da dama kewaye da dutse, ana iya lissafa inda kowace girgiza ta taso da kuma zurfinta, kuma idan aka ga girgizar tana yawaita tana matsowa sama daga mako zuwa mako, an san cewa wani abu yana tafe. Dutsen kuma yana kumbura, wani lokaci da 'yan santimita kawai, kuma ana gane haka da na'urorin GPS da aka kafa a jikinsa da ma'aunin karkata mai iya lura da sauyin da ido ba zai taɓa gani ba. A 'yan shekarun nan taurarin ɗan'adam masu na'urar rada (radar), irin su Sentinel-1 na Tarayyar Turai, sun sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai, domin suna ɗaukar hoton wuri ɗaya sau da yawa, a kwatanta hotunan a ga inda ƙasa ta tashi ko ta lotsa, ko da dutsen yana cikin hamadar da babu mai zuwa. Sai kuma auna iskar da dutsen yake fitarwa, musamman ta farar wuta, da zafin maɓuɓɓugan ruwan da ke gindinsa.

Akwai wani ɓangare na aikin da ba a cika ambatonsa ba, wanda a ganina shi ne ginshiƙi: karanta tarihin dutsen daga jikinsa. Masana suna bin kwaruruka da gaɓar koguna suna duba shimfiɗun toka da laka da suka hau kan juna, suna auna shekarun gawayin itatuwan da suka ƙone a ciki, har su gane sau nawa dutsen ya fashe a baya, da irin girman fashewar, da inda abin ya malala. Daga nan ake zana taswirar haɗari, wadda take nuna garuruwan da ke kan hanya. Gidan sa ido na farko a duniya an gina shi ne a jikin Dutsen Besubiyas na Italiya a 1841. Bayan Dutsen Pele ya hallaka mutum kusan 28,000 a garin Sam Piya na tsibirin Matinik a 1902, wani masani Ba'amurke mai suna Thomas Jaggar, wanda ya je ya ga ɓarnar da idonsa, ya tsaya kai da fata a kan cewa zuwa bayan bala'i ba ya wadatarwa, dole a zauna tare da dutse ana aunawa kullum, kuma shi ne ya kafa gidan sa ido na Hawai a 1912.

Misalin da ya fi kowane nuna amfanin wannan aiki shi ne Dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin. Dutsen ya yi shiru na kimanin shekara 500, har mazauna kewayensa ba su ɗauke shi a matsayin haɗari ba. A watan Afrilu na 1991 ya fara fitar da tururi, sai masanan hukumar kula da duwatsu masu aman wuta ta Filifin, ƙarƙashin jagorancin Raymundo Punongbayan, tare da takwarorinsu daga Amurka, suka dasa na'urori cikin gaggawa suka kuma bi kwaruruka suna karanta tsofaffin shimfiɗu. Abin da suka gani ya tayar musu da hankali, domin duk lokacin da wannan dutse ya farka a baya, fashewarsa babba ce. Iskar farar wuta da yake fitarwa ta tashi daga tan 500 a rana a tsakiyar watan Mayu zuwa sama da tan 5,000 a ƙarshen watan, sannan ta faɗi kwatsam, abin da suka fassara da cewa hanyar ta toshe kuma matsi yana taruwa. Aka yi ta faɗaɗa da'irar da za a kwashe mutane, aka kwashe dubun-dubatar jama'a. Ranar 15 ga Yuni dutsen ya yi fashewar da ta zama ta biyu a girma a ƙarni na ashirin. An rasa mutane ɗaruruwa, da yawansu saboda rufin gidaje ya rufta a ƙarƙashin tokar da ruwan wata guguwa ya jiƙa a ranar, amma rayukan da aka tserar sun kai dubbai.

Shekara shida kafin wannan, a ƙasar Kolombiya, an ga abin da yake faruwa idan ilmin ya tsaya a hannun masana bai kai kunnen jama'a ba. Dutsen Nebado del Ruwis ya shafe kusan shekara guda yana nuna alamu, kuma a watan Oktoba na 1985 an fitar da taswirar haɗari wadda ta nuna ƙarara cewa garin Armero yana kan hanyar malalar laka. Daren 13 ga Nuwamba dutsen ya yi fashewar da ba ta ma kai babba ba, amma zafinta ya narkar da wani sashe na ƙanƙarar da ke kansa, ruwan ya haɗu da toka da duwatsu ya gangara ta kwaruruka. Lakar ta ɗauki kimanin awa biyu da rabi kafin ta isa Armero, lokacin da ya ishi mutane su taka da ƙafa zuwa tudu mafi kusa. Ba a ba da umarnin tashi ba, kuma mutum kusan 23,000 suka rasu a garin da kewayensa. Duk lokacin da na koyar da wannan labari nakan tsaya a kan awa biyu da rabin nan, domin na'ura ta yi aikinta, taswira ta yi nata, abin da ya rage shi ne a sami wanda zai ɗauki nauyin cewa a tashi, da kuma jama'ar da aka riga aka yi wa bayani tun da wuri har za su gaskata shi.

A nahiyarmu, birnin Goma na gabashin Kongo yana zaune ne a gindin Dutsen Nyiragongo, wanda narkakken dutsensa yake da ruwa-ruwa sosai har yakan gangara da gudun da mutum ba zai tsere masa ba. A watan Janairu na 2002 ya ratsa tsakiyar birnin ya isa Tafkin Kibu, ya raba mutum sama da 100,000 da gidajensu. Ranar 22 ga Mayu, 2021 ya sake ɓarkewa, mutum sama da talatin suka rasu. Kafin wannan rana gidan sa ido na Goma ya shafe watanni cikin ƙunci, bayan Bankin Duniya bai sabunta tallafin da yake ba shi ba a 2020, har ta kai ma'aikatan suna rasa kuɗin intanet da na man da za su kai ga na'urorinsu. Gaskiya ne cewa binciken da aka yi daga baya ya nuna dutsen bai ba da alamar kirki ba sai ƙasa da awa guda kafin ya tsage, saboda narkakken dutsen yana zaune ne dab da sama tun asali. Duk da haka, birni mai mutum sama da miliyan ɗaya bai kamata tsaronsa ya dogara ga tallafin da zai iya yankewa a kowace shekara ba. Aikin sa ido ba ya karɓar hutu, domin ba a gane sauyi sai an san yadda dutse yake a ranakun da yake kwance lafiya.

Alhazanmu da suka ziyarci Madina sun ga baƙaƙen duwatsun da suka shimfiɗu a kudu da gabashin birnin. Wannan fili, wanda ake kira Harrat Rahat, daskararren aman wuta ne. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, bayan kwanaki ana jin girgizar ƙasa, wuta ta ɓullo kudu maso gabas da birnin, narkakken dutse ya malala kimanin kilomita 23 cikin kwana hamsin da 'yan kai, ya tsaya tazarar kilomita kaɗan daga garin. Malaman tarihi na wancan zamani sun rubuta labarin dalla-dalla, kuma masana na yau suna amfani da rubutunsu tare da abin da suke aunawa. A 2009 dubban ƙananan girgizar ƙasa suka auku a Harrat Lunayyir, arewa maso yamma da Madina, ƙasa ta tsage na tsawon kilomita takwas, hukumomin Saudiyya suka kwashe dubun-dubatar mutane daga yankin Al-Is. Narkakken dutsen ya hawo har kusa da sama sannan ya tsaya. Tun daga nan hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya ta ƙara yawan na'urorinta a waɗannan filaye.

Mafi kusa da mu shi ne jerin duwatsun da masana suke kira layin Kamaru, wanda ya taso daga tsibiran Tekun Gini, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya miƙe arewa maso gabas tsawon kimanin kilomita 1,600, reshensa ɗaya ya shigo Nijeriya har tudun Biyu a Jihar Borno, inda Tafkin Tila yake zaune a bakin wani tsohon dutse. A tudun Jos ma akwai irin waɗannan tsofaffin bakuna a yankin Panyam da Kerang. Dutsen Kamaru kansa, mai tsayin sama da mita 4,000, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Amma bala'in da ya fi muni a wannan layi ya zo ne ba tare da wuta ba. Tafkin Nyos yana cikin bakin wani tsohon dutse a arewa maso yammacin Kamaru, zurfinsa ya haura mita 200, kuma iskar kabon da ke tsattsafowa daga ƙasa ta yi ta narkewa a ruwan ƙasan tafkin shekara da shekaru, nauyin ruwan sama yana danne ta. Daren 21 ga Agusta, 1986 ruwan ya juya, iskar ta kuɓuce gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka tana kwance a ƙasa har nisan kilomita ashirin da biyar, ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da garkunansu. Shekara biyu kafin haka irin wannan ta faru a Tafkin Monun ta kashe mutum 37.

Mu mutanen Zamfara ba baƙi ba ne ga haɗarin da yake fitowa daga ƙasa ba tare da ƙara ko launi ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma ba a gane musabbabin ba sai da aka auna jinin yaran da ƙasar tsakar gidajen. Abin da ya faru a Nyos daga wannan jinsi yake: abin da ba a aunawa ba a san yana taruwa ba. Maganin da aka samo wa tafkin yana da sauƙin fahimta. A 2001 aka sa wani dogon bututu daga ƙasan tafkin zuwa samansa, ruwa mai iska yana hawowa ta ciki da ƙarfin kansa yana fesowa sama, iskar tana fita kaɗan-kaɗan ba tare da cutarwa ba, sannan a 2011 aka ƙara wasu biyu. Akwai kuma wani haɗari na biyu wanda ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin gaɓar da ta tare tafkin ta arewa tarin tsohuwar toka ce mai zaizayewa, kuma da za ta ɓalle, ruwan zai bi Kogin Katsina-Ala ya shigo Taraba da Binuwai. Wannan tsoro yana cikin dalilan da suka sa aka gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba.

Game da toka da jiragen sama ba zan tsawaita ba. Tokar dutse gutsattsarin gilashi ne da ke narkewa a cikin injin jirgi ta toshe shi, kuma a watan Afrilu na 2010 wani dutse a ƙasar Aisland ya sa aka soke tashin jirage kimanin 100,000 cikin mako guda. Akwai cibiyoyi tara a duniya da suke bin sawun toka suna gargaɗin matuƙa, kuma ta birnin Tulus a Faransa ce take kula da sararin Afirka. Haka nan alherin waɗannan duwatsu sananne ne: tokarsu idan ta daɗe tana zama ƙasa mai albarka, shi ya sa manoma suke cincirindo a gindinsu, kuma Kenya tana samar da babban kaso na wutar lantarkinta daga tururin ƙarƙashin ƙasa a Olkariya.

Inda nake son in dakata shi ne batun damina. Toka tana saukowa ƙasa cikin kwanaki ko makonni, amma iskar farar wuta, idan fashewa ta yi ƙarfin da za ta cilla ta can sama da inda gizagizai suke haɗuwa, tana haɗuwa da tururi ta zama ƙananan ɗigo waɗanda ruwan sama ba ya kai wa gare su balle ya wanke su. Suna iya shekara ɗaya zuwa biyu suna yawo, suna mayar da wani kaso na hasken rana. Pinatubo ya cilla tan miliyan 15 zuwa 20 na wannan iska, kuma matsakaicin zafin duniya ya ragu da kimanin rabin digiri a shekarar da ta biyo baya. Dutsen Tambora na Indonesiya, wanda ya fashe a watan Afrilu na 1815, shekara biyu kafin rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya sa amfanin gona ya lalace a Turai da arewacin Amurka a 1816. Kafin shi, tsagewar Laki a Aisland, daga Yunin 1783 zuwa Fabrairun 1784, ta kashe kimanin rabin dabbobin ƙasar ta hanyar gubar da ta sauka a kan ciyawa, yunwa ta ɗauke kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanenta, kuma a daidai wannan lokaci ambaliyar Kogin Nilu ta gaza, Masar ta faɗa cikin yunwa.

Daminarmu ta dogara ne ga wani layi da iskar teku mai ɗauke da laima take haɗuwa da busasshiyar iskar hamada. Wannan layi yana hawowa arewa daga bazara, ya kai ƙarshen tafiyarsa a watan Agusta, sannan ya koma. Abin da yake jan sa shi ne zafi, domin yana karkata ne zuwa ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Idan wani abu ya sanyaya rabin duniya na arewa ya bar na kudu, layin ba ya hawowa yadda ya saba, kuma mu da muke kusa da iyakar tafiyarsa mu ne farkon waɗanda za su ji a jika. Mutumin Ibadan zai ga ruwa ya ɗan ragu; mutumin Shinkafi ko Zurmi zai ga gero ya tsaya bai fitar da kai ba.

A 2013 wata tawagar masana ta hukumar hasashen yanayi ta Ingila, ƙarƙashin Jim Haywood, ta wallafa binciken da ya duba ruwan saman yankin Sahel daga 1900 zuwa 2010, ta gano cewa uku daga cikin damuna huɗu mafi bushewa sun zo ne bayan babbar fashewar dutse a rabin duniya na arewa. A watan Yuni na 1912 Dutsen Nobarupta na Alaska ya yi fashewa mafi girma a ƙarnin, kuma daminar 1913 ta gaza a faɗin ƙasar Hausa, abin da ya haifar da yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 1982 Dutsen El Cicon na Meziko ya cilla kimanin tan miliyan bakwai na iskar farar wuta, sai ga farin 1983 da 1984, wanda dattawanmu da yawa suke tuna yadda ya cinye shanu ya tayar da ƙauyuka. Ba dutse kaɗai ne ya jawo waɗannan masifu ba. Yanayin zafin tekuna yana da babban hannu, hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya yi nasa tasirin a shekarun 1970 da 1980, kuma harajin da Turawan mulkin mallaka suka ɗora wa talaka ya riga ya kwashe abin da ke rumbu kafin Kakalaba ta iso. Amma idan damina ta riga ta yi rauni, ƙarin nauyi kaɗan ya isa ya karya ta.

Wannan sani yana da amfani a aikace, domin tsakanin fashewar dutse da tasirinta a kan damina akwai watanni. Taurarin ɗan'adam suna iya auna yawan iskar farar wuta da tsayin da ta kai da ɓangaren da ta nufa cikin kwanaki kaɗan. Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma ina ganin ya dace duk shekarar da aka yi babbar fashewa a arewacin duniya a bayyana wa jama'a haka a fili, da Hausa, ta rediyo da bakin malaman gona, domin manomi ya nemi irin gero da wake masu saurin nuna, ya yi hattara da sayar da abin da ke rumbu, masu kula da madatsar Bakolori su tsara ruwan rani da wannan a zuciya, makiyayi kuma ya rage garke tun farashi bai faɗi ba. Muna da cibiyar da take auna motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauchi, kuma girgizar da aka ji a Kwoi a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018 ta nuna cewa ana buƙatar ƙarin irin waɗannan tashoshi, musamman a gabas inda layin Kamaru ya shigo. Jami'o'inmu na Gusau da Sakkwato da Birnin Kebbi suna iya horar da matasan da za su karanta bayanan taurarin ɗan'adam, waɗanda da yawansu kyauta ake samun su a intanet.

Akwai wani dalili na ƙarshe da ya sa nake son 'ya'yanmu su ƙware a wannan fanni. Duwatsu masu aman wuta ba su ne suke ɗumama duniya ba, domin iskar kabon da suke fitarwa a shekara ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na wadda ɗan'adam yake fitarwa ba. Amma ganin yadda Pinatubo ya sanyaya duniya ya sa wasu masana a ƙasashe masu arziki suna nazarin yiwuwar a riƙa fesa irin waɗannan ɗigo a sararin sama da gangan don rage ɗumamar yanayi. Binciken 2013 ɗin nan ya gwada wannan a kwamfuta, ya nuna cewa idan aka yi feshin a rabin duniya na arewa kaɗai, Sahel za ta faɗa cikin fari mai tsanani, idan kuma aka yi shi a kudu kaɗai, ruwa zai ƙaru a nan amma arewa maso gabashin Birazil ya bushe. Ranar da za a zauna yanke shawara a kan irin wannan aiki, ƙasashen da suke da jiragen da kuɗin ba su ne masu gonakin gero ba, kuma dole ne a sami masana daga Nijeriya da Nijar da Mali a wurin, riƙe da alƙaluman ruwan saman yankinsu, waɗanda za su iya nuna abin da ya biyo bayan 1912 da 1982.